Motar da ke durƙusa wa fasinja: za ta rayu a Maradi kuwa?

Baban Nana:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Da ɗan zafi na zo yau, ku yi mini haƙuri. Jiya da asuba na kai Inna tasha, za ta Yamai ganin likitan ƙashi. Waɗanda suka san ta sun san gwiwoyinta, shekara 3 ke nan ko sallah a zaune take yi. Muka zo bakin kar, babbar motar fasinja ta doguwar tafiya, sai ga matakala huɗu, ta farkon kaɗai ta kusa kai mini gwiwa. Ta ɗora ƙafar dama, ta kama ƙarfe, ta ja, jiki ya ƙi. Ta sauke ta canza ƙafa, ya ƙi. Mutane sun yi layi a bayanmu, wani matashi yana ta cewa a yi sauri. Daga ƙarshe ni da karen motar muka ɗauke ta cak kamar buhun gero, zaninta na neman warwarewa tana dafe da shi da hannu guda. Ba ta ce uffan ba sai da ta zauna, sannan ta dube ni ta ce: "Ka ga abin da tsufa ya maida ni." Wallahi na dawo gida ko kunu ban iya sha ba.

Ba zan kira sunan kamfanin ba, don motocin kowa haka suke. Abin da ya sa na kawo maganar nan, Ɗan Abijan ya taɓa saka mana bidiyon bas ɗin garinsu, ƙofa a ƙasa-ƙasa, wata tsohuwa ta shiga da sandarta ba wanda ya taɓa ta. Masana mota, mene ne ya hana irin wannan zuwa wurinmu? Tsada ce, ko hanya, ko dai ba wanda ya damu?

Malama ta Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Abin da ka gani rana guda, mu kullum cikinsa muke. Duk macen da ta taɓa hawa kar da goyo a baya da zani a ɗaure ta san matakalar nan ta farko.

Baba Makaniki:
Allah ya ba ta lafiya, ɗana. Amma ka gama abu biyu da ba ɗaya ba. Kar ɗin Yamai tilas ya yi bisa, don ƙarƙashin kujerunku ɗaki ne guda na kaya. Can ake tura buhuna da akwatuna, wani lokaci har babur. Ka sauko da daɓen motar ƙasa, ina za ka sa kayan mutanen da za su yi tafiyar sama da kilomita 600? Wadda kunka gani a bidiyo ta cikin gari ce, ta mai hawa nan ya sauka can da ƴar ledarsa.

Bari in faro daga tushe. Babbar mota galibi kamfani biyu ke yin ta. Na farko shi ke ƙera shasi, wato ƙarfen ƙasa da inji da giya da birki da tayoyi da sitiyari. Ba kujera, ba rufi, ba taga. Su Volvo da Scania da Mercedes da MAN duk suna sayar da shi haka tsirara. Sai a kai wa wani kamfanin ya gina ɗaki a kai, kamar Marcopolo na Burazil. Shi ya sa za ka ga suna ɗaya a hancin mota, wani sunan daban a gefenta. Kamar dai yadda munka saba nan, a sayo kan babbar mota a kai wa masu walda su gina mata bodi.

To shasin bas iri uku ne. Akwai mai tudu, daɓensa duka a bisa, sai ka hau matakala. Akwai mai daɓe ƙasa tun daga ƙofar gaba har kujerar ƙarshe. Sai na ukun, wanda ake magana a kai, shi raba-daidai ne: daga ƙofar gaba zuwa ƙofar tsakiya daɓen yana ƙasa shimfiɗe, babu matakala ko ɗaya, daga nan sai ka hau matakala biyu ko uku zuwa ɓangaren baya, wanda ke zaune kan inji da pon, wato ƙarfen tayoyin baya.

Baban Nana:
Baba, to tunda an iya saukar da rabi, me ya hana a saukar da duka? Ai sai a huta.

Baba Makaniki:
An iya mana, manyan biranen Turai su sunka fi yawa. Amma ka tambayi wanda zai kwanta ƙarƙashinta. Pon na baya, ƙarfen nan mai haɗa tayoyin baya da kumburarren kai a tsakiya, shi ke tare hanya. In kana son daɓe ya wuce ta kansa a ƙasa, sai ka sa pon na musamman wanda anka sauko da tsakiyarsa ƙasa da cibiyar taya, kowane gefe da ƙarin haƙoran giya masu ɗaga ƙarfi zuwa tayar. Injin kuma a matse shi a lungu guda na baya. Kaya sun ƙaru, kuɗi sun ƙaru, hannunka ma bai shiga wurin gyara sai ka kwance rabin duniya. Mai raba-daidai kuwa pon ɗinsa na gargajiya ne, ɗan'uwan na babbar mota, injin yana zaune a tsakiyar baya, ka buɗe murfi ka gan shi sarai. Ga kujeru sun fi yawa kuma suna kallon gaba, don tudun tayoyi ya ɓace ƙarƙashin daɓe. Ni yadda nike faɗa wa yarana: rabin gaba na tsofaffi ne, rabin baya na makaniki ne.

Ɗalibin Bangalo:
Baba ya gama magana. Ni a cikinta nake zuwa makaranta wasu ranaku. A nan Bangalo ta Indiya, hukumar bas ta gari, BMTC, ta fara sa na Volvo tun 2006, suna kiran layin Vajra, masu zuwa filin jirgi kuma Vayu Vajra. Shasin sunansa B7RLE, kuma sunan ma bayani ne: B bas, 7 girman inji lita 7, R yana nufin injin a baya yake, LE kuma gajartar Turanci ce ta mashiga a ƙasa. Volvo ya fito da shi a 2001, a 2013 ya kawo magajinsa B8RLE mai lita 8.

Abin da ya ba ni mamaki da na bi diddigi, shasin nan ɗaya ne a ƙasashe da yawa, riga ce kawai ta bambanta. A Birtaniya kamfanin Wright ya gina masa jiki, a Ostireliya su Volgren, a nan Indiya Volvo da kansa. Ka gan su a hoto ba za ka ce uwarsu ɗaya ba. Singafo kuma ta sayi na Scania mai irin wannan tsari, K230UB, sama da 1,000.

Sai dai a faɗi gaskiya, masu sanyi ne, kuɗinsu ya fi na bas ɗin talaka. Ƙarshen wata in aljihu ya huce, ni ma mai tudun nake bi.

Alhajin Kwatano:
Ku daina kai mu Singafo. Ni da idona na ga irin waɗannan a filayen tsofaffin motoci a Turai, jere kamar shanu a kara. Garuruwansu suna sallamarsu bayan shekara goma sha wani abu, kuma kuɗinsu bai kai abin da kuke tsammani ba. In da mai zuciya, ya kawo biyu ya gwada tsakanin Tibiri da babbar kasuwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yaya na Beljik:
Alhaji, a yi a hankali. Ni irinta nake tuƙawa nan, shekara 6 ke nan, layin ƙauyuka. Bari in gaya muku abin da bidiyo ba ya nunawa.

Motar ba a kan lam, wato sifirin ƙarfe, take zaune ba, a kan jakunkunan iska na roba take, kwamfaresa ke hura su. In na tsaya a matsaya, akwai maɓalli a gefen hannuna. Na danna, sai ka ji fssss, iskar gefen ƙofa ta fita, motar ta karkata ta durƙusa kamar raƙumi. Bakin ƙofa daga ƙasa santimita 32 zuwa 34 ne, in ta durƙusa ta rage kamar 7. To amma ga inda maganar take: fasinjan ba a ƙasa yake tsaye ba. A kan dakalin bakin titi yake, wanda aka gina da gangan ya kai santimita 16 ko 18. Har akwai wani irin dakali da ya samo suna daga garin Kassel na Jamus, gefensa a lanƙwashe, ina goga taya a jikinsa ya jawo ni daf ba tare da ya ci tayar ba. Ka cire wannan daga wancan, abin da ya rage wa tsohuwa ta taka bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Akwai wata tsohuwa da nake ɗauka duk Talata, tana tura ɗan keken nan na dogarawa mai tayoyi huɗu. In na jera daidai da dakali, ko kallona ba ta yi, turawa take ta shige. Ranar da wani ya ajiye motarsa a matsayar na tsaya a tsakiyar titi, sai da na ja birkin hannu na sauko na ɗaga mata keken. Mota ɗaya, tsohuwa ɗaya. Dakali ne kawai babu.

Yanzu ku faɗa mini, daga Tibiri zuwa kasuwa, ina za ta goga tayarta?

Mai Adaidaita:
Yawwa, Allah ya yi maka albarka Yaya. Ni dai ina karantawa ina dariya. Motar mita 12 za ta shiga lungunan Bagalam? Za ta shiga Mokoyo ta ɗauko Hajiya a ƙofar gidanta? Mu muke shiga. Kuma in ana maganar ƙofa a ƙasa, ai adaidaita ta riga su. Inna da an sa ta a tawa, taku ɗaya za ta yi.

Malama ta Zariya:
Taku ɗaya, sannan ta sunkuya ta lanƙwashe gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, sannan ka cusa mata mutum biyu da buhun albasa. Malam, kar mu yi haka da kai.

Mai Adaidaita:
Malama, albasar ma fasinja ce, ta biya.

Amma ban da wasa. Ku lissafa samarin da ke cin abinci da adaidaita da kabu-kabu a garin nan. Bas guda in ta cika da na zaune da na tsaye tana kwasar mutum 80 ko fiye. Wannan lodin adaidaita nawa ne? Wanda ya ci bashi ya sayi tasa yana biyan balas kullum, ku ce masa me?

Ɗan Abijan:
Ɗan'uwa kwantar da hankalinka. Nan SOTRA, hukumar bas ta gari, ta sayo ɗaruruwan Iveco Crossway masu ƙofa ƙasa, ga su nan suna yawo, amma gbaka, ƙaramar bas ta haya, ba ta mutu ba, woro-woro, tasin da ake shiga da yawa, ba ta mutu ba. Bas tana bin babban titi ne, ta sauke ka a bakin hanya, mai kai ka cikin unguwa daban. Kuma kar bidiyon da na saka ya ruɗe ku, da rana tsaka na ɗauka. Ku zo unguwar Ajame da ƙarfe shida na yamma ku ga yadda ake shiga. Wurin da aka ware wa mai keken guragu a tsakiya, mutum goma ne tsaye a ciki. Ƙofar tana ƙasa, amma tsohuwa ba ta isa bakinta ba.

Mai Keken Hannu:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake bi, na ce bari masu ƙafa su gama.

Shan inna ya same ni ina ɗan shekara 4. Yau ina da mata da ƴaƴa uku da teburin gyaran waya. Duk tafiyar da na yi a mota a rayuwata, ɗaukata aka yi. Baban Nana, abin da ya hana ka shan kunu jiya, ni shi ne tafiya. A ɗauke ka a hannu, a ɗaure kekenka a bisa tare da awaki, in an isa ka zauna jiran a tuna da kai. Akwai ranar da aka sauke ni a gindin bishiya aka wuce da keken zuwa gari na gaba, sai washegari aka maido mini shi da sarƙa a tsinke.

Abin da nake so in ce, duk kun maida maganar ta zama ta ko zai yiwu. A inda aka yi, ba tambayar da aka fara da ita ke nan ba. Amurka ta yi dokar haƙƙin naƙasassu a 1990, bayan mutane irina sun sha tare wa bas hanya da kekunansu. Ingila ta yi ƙa'idarta a 2000, ta ba kamfanoni wa'adi: bas mai hawa ɗaya zuwa farkon 2016, mai hawa biyu zuwa farkon 2017, wadda keke ba ya shiga ta bar layi. Ba tausayi ne ya kama masu motocin ba, tilas aka yi musu, masu ƙira kuma suka nemo hanya mai sauƙin kuɗi. Wannan raba-daidai da Baba ya bayyana, ai ita ce hanyar. Nijar ma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma maganar sufuri tana ciki. Takarda dai muna da ita.

Baba Makaniki:
Wallahi ɗana ka sa jikina ya yi sanyi, kuma ba ni da ja a kan ko ɗaya. Amma in na yi shiru kan abin da na sani na cuce ku, don ranar da motar ta kwanta a garaji kai ne farkon wanda za a koma ɗauka.

Wagga mota ƙofarta tana gaban tayar gaba. Ma'ana hancinta ya yi tsawo, sama da mita biyu da rabi yana reto gaban taya, kuma yana kusa da ƙasa. Ku tuno tudun rage gudun da ake yi muna a gari, kowace unguwa da nata gwanin, wani kamar kabari. Ku tuno inda gudro ya ƙare aka faɗa rairayi da gangara. Hancin zai daki ƙasa, bayan ma da ke ɗauke da inji zai daka. Na san tana da maɓallin ɗaga jiki in ana tahiya sannu, Yayanku na Beljik zai shaida, amma wane direba ne zai danna shi sau talatin kafin ya kai kasuwa?

Sai damina. Wanda ya ga yadda ruwa ke gangarowa Gulbi a watan Agusta ya san abin da nike nufi. Garin nan ma ai ambaliyar 1945 ce ta kore shi daga kwari ya hau tudu. Ruwan da kar ke ratsawa bai ji ba, wannan cikin ɗaki zai shigo mata ya jiƙa ƙafafun mutane, ya taɓa wayoyi. Sai ƙura. Inji a baya yana shaƙar duk abin da tayoyi sunka tayar, lagireto ya toshe, a watan Afrilu ka ga allura ta hau ja. Jakar iska kuwa roba ce, rana da rairayi abokan gabarta ne. Lam in ya karye, Sabon Gari za a ɗaure maka shi ka kai gida. Jakar iska in ta fashe, motar ta zauna ke nan inda take.

Yaya na Beljik:
Maɓallin ɗagawa akwai shi Baba, kuma da ka ɗan ƙara gudu take komawa yadda take da kanta. Gaskiyarka.

Alhaji kuma, ga ƙarin abin dubawa kafin ka kira wakilinka. Tagogin namu a liƙe suke, sai ƴan ƙanana a sama, don sanyi aka yi wa tanadi. In na'urar sanyin ta mutu a Maradi, tanda ka sayo. Sababbin kuma masu ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6 suna son gazuwal mai tsabta ƙwarai da wani ruwa da ake zuba musu daban, AdBlue. Ruwan ya ƙare, ko matatar hayaƙin ta toshe, kwamfutar motar da kanta za ta rage wa injin ƙarfi. Giyar ma otomatik ce, ta kamfanin ZF ko Voith, ba a buɗe ta a gindin bedi.

Alhajin Kwatano:
To ai ban ce a sayo da ido rufe ba. Na san araha ba ta ado. Ni ma in ƙara muku ɗaya da na gani: wani ya taɓa ɗauko ta Ingila don ta fi sauƙi, ya manta su hagu suke bi. Ƙofar tana ɓangaren da in ya tsaya a nan, tsakiyar titi zai zuba fasinja. Kaji suka ƙare da kwana a ciki. Wanda zai yi da gaske sabon shasi zai nema mai inji irin na ƙasashen zafi, a gina masa jiki mai manyan tagogi masu zugewa. Amma wannan kuɗin ba na ɗan kasuwa guda ba ne, sai da hannun hukuma.

Ɗalibin Bangalo:
Akwai wata dabarar da ba a ambata ba, kuma ina ganin Baba zai so ta. Maimakon a sauko da mota, a ɗaga mutane. Kuritiba ta Burazil ta fara layin bas na musamman a 1974 zamanin magajin garinta Jaime Lerner, daga baya suka gina matsayu masu tudu daidai da daɓen motar. Bogota ta Kolombiya ta bi sahu a 2000 da TransMilenio. Motar mai tudu ce, mai ƙarfi, amma fasinja yana hawa gangara a hankali zuwa kan dandamali, ƙofa ta buɗe ya shiga a miƙe. Keke ma haka. Darussalam ta Tanzaniya ta buɗe nata layin a 2016, Dakar kuma a 2024 da motocin lantarki.

Baba Makaniki:
Wannan ta yi mini. Siminti da ƙarfe muna da masu yi.

Malama ta Zariya:
Ta yi maka Baba, amma ni ba ta yi mini ba. Wannan motar ba ta da amfani sai inda aka gina mata dandamali. Ranar da aka tare hanya saboda ɗaurin aure ko zuwan wani babba, ta kauce ta bi wani titin, ta ina za a sauka? A yi tsalle? Mai ƙofa ƙasa ko a rairayi ta tsaya, santimita ashirin da wani abu ne, Inna za ta iya da ɗan riƙo. Waɗancan garuruwan na miliyoyin mutane ne masu titi shida. Mu titunanmu na kirki ƙidayuwa gare su, yawancinsu ma albarkacin Maradi Kwalliya ta 2015 ne.

Kuma akwai abin da na hango tun bayanin Baba na farko. Mota ce da ta zo a rabe da kanta. Gaba fili ne a ƙasa, baya tudu ne mai kujeru. Mata da tsofaffi da masu keke a gaba, samari su hau baya. Ba sai an sa labule ko an yi faɗa ba. Ɗalibaina mata da ke tafiya makaranta a bayan kabu-kabu, iyaye da yawa ba da son ransu ba ne.

Mai Adaidaita:
Malama kin dawo gidanmu ke nan. Sunan adaidaita sahu ai daga Kano ya zo, shirin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, kuma don ɗaukar mata aka fara kawo kekunan. Yau wa ke tunawa? Kowa ake ɗauka. Taku bas ɗin ma wata uku za a yi, ki ga ƙato ya baje a kujerar gaba yana danna waya.

Malama ta Zariya:
Sai mu tashe shi. Wannan ba aikin injiniya ba ne, namu ne.

Mai Keken Hannu:
Ɗalibi, tambaya gare ka da Yaya. Faifan nan da ake shimfiɗawa a ƙofa keke ya hau, na lantarki ne?

Yaya na Beljik:
Akwai na lantarki, akwai na hannu. Nawa na hannu ne, a ƙofar tsakiya. Faranti ne kwance cikin daɓe da ɗan zobe, in sa ƙugiya in ɗago shi in kifa waje, shi ke nan. Abokan aikina masu na lantarki kullum cikin ƙorafi suke, tsakuwa ɗaya ta shiga ya maƙale. Ga Maradi ko kyauta aka ba ku na lantarki kar ku karɓa.

Amma ka san wani abu? Wurin da aka tanada na keken turawa ne mai tayoyi huɗu, tsawonsa bai fi mita ɗaya da ƴan kai ba. Naka mai tayoyi uku da fedar hannu ya fi haka tsawo nesa, ban ga yadda zai juya a ciki ba.

Mai Keken Hannu:
Ka ga irinta ko. Da an sayo an kawo an yi biki an yanka kintinkiri, sannan a gano nawa ba ya shiga. To tunda Baba ya ce ɗakin daban ake gina shi a kan shasi, ashe ana iya cewa mai ginin ya cire kujeru huɗu ya bar fili. Sai dai a tambaye mu kafin a zana, ba bayan an gama ba. Yanzu na sa yarona ya auna keken da tef ɗin tela: mita 1 da santimita 85.

Baba Makaniki:
Ana iyawa sarai, wannan shi ne amfanin sayen shasi tsirara. Rubuta awon ka aje. Ni kuma tunda abin ya zama na awo, ran Lahadi in Allah ya kai mu zan ɗauki yaro da tef mu bi gudron Tibiri mu auna tudun nan ɗaya bayan ɗaya, mu ga nawa ne hancinta zai wuce, nawa ne sai an fasa. In bai fi biyar ko shida ba, to bakina ya mutu kan wannan layin guda. Lungu da damina kuwa ina nan kan bakana.

Mai Adaidaita:
Baba ni zan kai ku, ba sai kun biya ba. Ina son in ga abin da zai kashe mini kasuwa da idona.

Baban Nana:
Na gode ƙwarai jama'a, na shigo da fushi na fita da karatu. An kira ni daga Yamai, sun isa lafiya, likita zai gan ta gobe. Saukowar ma sai da mutum biyu suka kama.

Ran Asabar za ta dawo, kuma kar ɗin dai shi ne. Ɗazu na biya wurin mai walda na bakin layinmu, na ce ya yi mini ɗan akwatin ƙarfe mai hawa biyu, na farko santimita 15, na biyu 30, ya sa roba a ƙafafun kar ya zame. Ya ce jika 4, mun tsaya a 3 da rabi. Zan je da shi tasha.

Malama ta Zariya:
In ya yi kyau ka saka mana hotonsa. Surukata za ta Damagaram bayan sati biyu, ka ce masa ya yanka ƙarfen biyu.